Shawarwari Shida Kan Kashe Wutar Fushi Tun Daga Gida

Duk wanda ya zauna a garin Bauchi ya san sunan sara-suka. Yaran nan masu fitowa da adda da wuƙa ba daga sama suka faɗo ba. 'Ya'yan gidajenmu ne, kuma da yawansu a tsakar gida suka fara koyon cewa mai ƙarfi shi ne mai gaskiya. To, daga nan ya kamata gyara ya fara.

1. Uwa, kada ki hukunta yaro kina cikin fushi. Idan ya ɓata miki rai, ki ce masa, "Je ka, zan kira ka anjima." Malamai kullum suna tunatar da mu cewa mai fushi ya zauna idan yana tsaye, ya yi alwala. Bayan zuciya ta sauka, hukuncin zai zo daidai da laifin. A guji dukan kai da fuska, a kuma guji baki: "ɗan iska," "ba za ka yi albarka ba." Shatin bulala yana ɓacewa a mako guda, amma irin wannan magana takan bi yaro har ya yi gemu.

2. Maigida, abin da ya ɓata maka rai a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, kada ka sauke shi a kan iyalinka. Zafin watan Maris da Afrilu, ga rashin wuta, ga tsadar abinci, duk suna taƙaita haƙuri, mun sani. Amma idan cacar baki ta taso, ka fita ka sha iska, kada ka furta saki, kada ka ɗaga hannu. Ke kuma uwargida, idan duka ya zama al'ada, kalmar "ki yi haƙuri" ta daina zama magani. Ki sanar da waliyyinki, ki je wa mai unguwa ko Hisbah. Tun shekarar 2020 Jihar Bauchi ta amince da dokar hana cin zarafin mutane, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 2015, kuma dukan mata laifi ne a cikinta. Iyaye su ma su daina mayar da 'yarsu ɗaki da kumburin fuska ba tare da an zauna da mijin ba.

3. Adda, wuƙar yanka da barandami su kasance a hannun babba, a kulle.

4. Ku san abokan ɗanku da majalisar da yake zama. Jan ido, barcin rana mai nauyi, ɓatan kuɗi a ɗaki, sabuwar waya da ba ku san asalinta ba, duk alamu ne na shaye-shaye ko miyagun abokai. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma taramol da sholisho ba su ƙare a lunguna ba. Kora daga gida ba ta raba yaro da ƙwaya, sai dai ta miƙa shi ga masu sayarwa. A kai shi ga likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko a nemi shawarar hukumar NDLEA.

5. Lokacin siyasa, ku hana ɗanku karɓar kuɗin banga. Ba mu manta da watan Afrilun 2011 ba, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka a jihar nan, har da matasa masu yi wa ƙasa hidima, baƙin da aka ba mu amanarsu. Wanda ya ba yaro kuɗin ba zai bi shi gidan yari ba.

6. Ku koya wa yara cewa ihun "ɓarawo!" ba hukunci ba ne. Wanda ya jefa dutse a cikin taro har rai ya fita, da hannunsa a jinin. Haka saƙon tunzura da ke yawo a WhatsApp: a tambayi asalinsa, a goge shi, kada a tura. Idan kun ga an taru a kan mutum, ku kira 'yan sanda ko lambar gaggawa ta 112, ku kuma sanar da mai unguwa nan take.