Zafin da Kwararar Lantarki ke Haifarwa: Gwajin Dokar Joule da Hausa Bisa Misalan Ƙasar Bagudo

Tsakure

Maƙalar ta bayyana gwajin Fiziya mai nuna yadda lantarki ke rikiɗa zuwa zafi, tare da fayyace kalmomin da koyar da shi da Hausa ke buƙata. An ɗauko misalai daga Bagudo ta Jihar Kebbi, mai iyaka da Jamhuriyar Benin.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na kiran lantarki "wuta", kuma Fiziya ba ta ƙaryata shi ba. Tun a 1841 James Joule, masani daga Ingila, ya tabbatar cewa duk wayar da lantarki ya ratsa sai ta ɗumama. Matsalar tana ga kalmar "zafi", wadda ke ɗauke da ma'anoni biyu. Don haka aka bambanta "adadin zafi", wanda ake aunawa da jul, da "matakin zafi", wanda ake aunawa da digiri.

2.0 Gwaji

Ana buƙatar batirin mota mai bolt 12, da wayar nikurom mai turjiyar om 6, da ruwa giram 200 cikin kofi mai murfi, da ma'aunin zafi, da ma'aunin kwarara, da na'urar rage kwarara, da agogo.

Za a nutsa wayar cikin ruwan, a saki amfiya 1 na daƙiƙa 300, a rubuta ƙarin matakin zafi. Sannan a sauya ruwa, a maimaita da amfiya 2.

3.0 Sakamako

Dokar ita ce H = I²Rt, wato adadin zafi daidai yake da kwarara sau kwarara sau turjiya sau lokaci. Amfiya 1 zai ba da jul 1,800, amfiya 2 kuwa jul 7,200. Tunda giram ɗaya na ruwa na buƙatar jul 4.2 kafin ya hau digiri ɗaya, ruwan farko zai ƙaru da kusan digiri 2.1, na biyu 8.6. Abin da ma'auni zai nuna yakan gaza haka kaɗan, domin kofi da iska na shan nasu rabon. An ninka kwarara sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu.

4.0 Amfanin Dokar

A garuruwa irin su Tsamiya da Lolo da Illo, mai shagon da ya haɗa kayan wat 240 da batirin sola mai bolt 12 zai ja amfiya 20, alhali a kan bolt 240 amfiya 1 ya wadatar. Zafin da waya guda za ta sha ya ninku sau 400 ke nan. Siririyar waya ta fi turjiya, daga nan robarta kan narke, gobara ta tashi. Wannan hikima ce ta sa ake tura lantarkin Kainji zuwa Birnin Kebbi a kan bolt 330,000, domin kwarara ta ragu, asara ta yi sauƙi.

5.0 Kammalawa

Muddin ɗalibi bai rarrabe adadin zafi da matakinsa ba, haddar dokar kawai zai yi. Aikin masana Hausa ne su daidaita waɗannan kalmomi, ta yadda darasin zai isa ga mai haɗa waya a kasuwa da harshen da yake ciniki da shi.