Wa Zai Biya Kuɗin Buga Bincike?

Sakamakon binciken kimiyya ba ya samun karɓuwa sai an buga shi a mujalla, bayan wasu masana sun tantance shi. Galibi ba a biyan masu tantancewar, shi ma marubucin ba a ba shi ko anini. Amma duk da haka, a tsohon tsari mai son karantawa ba ya ganin mujallar sai ɗakin karatun jami'arsa ya biya kuɗinta na shekara, kuɗin da ya fi ƙarfin jami'o'i da yawa.

Don magance wannan, a shekarar 2002 wasu masana suka fitar da Sanarwar Budapest, suna kira a sa bincike a intanet kowa ya karanta kyauta. Sai dai shirya mujalla yana cin kuɗi, saboda haka kamfanoni da dama suka mayar da nauyin a kan marubuci. Alal misali, a shekarar 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya. A 2023 kuma editocin mujallar NeuroImage fiye da 40 suka ajiye aiki saboda tsadar kuɗin bugu, wato dala 3,450.

A nan maganar adalci ta taso. Masanin Jamus ko Amurka yakan biya daga tallafin bincikensa. Takwaransa na Kano ko Yamai, wanda sau da yawa da albashinsa yake bincike, ya sami damar karanta aikin wasu, amma nasa ba ya fita. An gudu ba a tsira ba ke nan. Gaskiya ne wasu kamfanoni kan yafe wa masanan ƙasashe mafiya talauci, amma na ƙasashe masu matsakaicin arziki rangwame kawai sukan samu, wani lokaci ma babu.

Akwai hanya ta uku, inda hukuma ko jami'a ke ɗaukar nauyin bugun. Tsarin SciELO, wanda ya fara aiki a Brazil a 1998, da kuɗin hukumomin bincike aka kafa shi, kuma mujallunsa da yawa ba sa karɓar komai daga mai karatu ko marubuci.

Tambayar da malami zai ba ɗalibai su tattauna ita ce: idan da kuɗin jama'a aka yi bincike, wa ya kamata ya biya kuɗin buga shi?