Lasin Hukuma Ba Ya Halatta Giya

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan lasin sayar da giya ne.

Tun zamanin Turawa, Dokar Giya ta 1917 ta hana a sayar wa 'yan asalin Arewa barasa. Shi ya sa mashaya suka tattaru a Sabon Garin Zariya, mazaunin baƙi, cikin ganuwar birni kuwa ba su sami gindin zama ba.

To, yau ga Musulmi mai gidan abinci, ana ce masa ciniki ba ya kankama sai da lasin giya. Ya sani takardar hukuma iyakarta ta tsare shi daga tara, ba ta mai da haram halal. Allah Ya haramta giya cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (S.A.W.) ya la'anci mutum goma saboda ita, ciki har da mai sayarwa, da mai dakonta, da mai cin kuɗinta. Malaman Malikiyya ma sun hana ba da hayar shago don cinikinta.

Saboda haka mai shago ya binciki ɗan haya tun kafin ya miƙa mabuɗi. Allah Ya wadata mu da halal, amin.