Bakin Ganye

Kowane manomi ya san wannan abu. Da tsakar rana mukan tarar da ganyen masara ya naɗe, na kabewa ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi. Sa'ad da rana ta yi sanyi, sai mu ga ya miƙe. Yau za mu koyi dalili, gama wanda ya san dalilin ba zai yi hasarar dashensa ba.

Ganye yana da baki. Ba ɗaya ba, dubbai ne barkatai a jikin kowane ganye. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin nan mai ƙara girman abu. A yawancin itatuwa sun fi yawa a bayan ganye, wajen da rana ba ta bugu sosai.

Kowane baki yana da leɓe biyu, a yawancin tsirrai masu kama da ƙwayar wake. In tsiro ya ƙoshi da ruwa, leɓen nan sukan kumbura su lanƙwashe, bakin ya buɗe. In ruwa ya yi ƙaranci, sai su saki, bakin ya rufe.

Ta bakin nan tsiro yake shaƙar iska. Iskar da muke fitarwa sa'ad da muke numfashi, watau kabon dayoksaid, ita yake bukata. Yakan haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, ya dafa abincinsa da hasken rana. Da abincin nan ake samun kara da zangarniya da ƙwaya. Sa'an nan ya fitar da oksijin, iskar da mu da dabbobinmu muke rayuwa da ita.

Amma ƙofar da iska take shiga, ta nan ruwa yake fita. Yana fita kamar tururi, ba ma ganinsa. In muka kasa ruwan da saiwa ta sha kashi 10, fiye da kashi 9 ta ganye yake fita. Wannan ba ɓarna ba ce duka. Fitar ruwan ita ke jawo wani ruwan daga ƙasa tare da taki. Tana kuma sanyaya ganye, kamar yadda tsattsafar tulu take sanyaya ruwan sha.

To, ga inda wuyar take. In baki ya buɗe, abinci ya samu amma ruwa ya tafi. In ya rufe, ruwa ya tsira amma girki ya tsaya. Saboda haka shukar da ta daɗe cikin ƙishirwa, yunwa ma tana cinta, ba ta girma.

Kowane tsiro da dabararsa. Dawa takan naɗe ganye don iska da rana kada su same shi sosai. Kuka takan zubar da nata duka da rani. Da dare kuwa yawancin tsirrai sukan rufe baki, tun da babu hasken yin girki.

Mu ma sai mu taimaki shukarmu.

Mu yi dashen tumatir da barkono da yamma, ko ranar da gari ya lumshe. Saiwar da aka cire ta ji ciwo, ba ta iya jawo ruwa da sauri.

Mu rage ganyen abin da za mu dasa. Shi ya sa masu lambu suke datse kan albasa.

Mu yi wa sabon dashe inuwa da ciyawa, mu kuma kewaye lambu da darni, domin iskar hunturu tana kwashe ruwan ganye.

Mu yi noma da wuri. Ciyawar gona ma tana da baki, ruwan hatsinmu take sha.

Aikin gida

Mu sami farar leda busasshiya, mu sa reshe mai ganye a ciki, mu ɗaure bakinta da safe ba tare da mun karya reshen ba. Da azahar mu duba. Za mu ga ɗigon ruwa a cikin ledar.

Tambayoyi

1. Mene ne yake buɗe bakin ganye?
2. Wace iska ce tsiro yake yin abinci da ita?
3. Don me ba a yin dashe da tsakar rana?