Shawara ga Jarumin da Ke Son Sakin Aikinsa a Intanet

Tun da kasuwar faifan CD ta durƙushe a Kannywood, jarumi ya daina zaman jiran furodusa. Lawan Ahmad ya nuna hanya da shirin Izzar So a YouTube. In za ka bi sahu, fara da labari mai ma'ana da sauti mai tsabta, domin mai kallo yakan haƙura da hoton waya, amma murya mai hayaniya takan kore shi. Tsayar da rana guda a mako ta sakin aikinka, kada ka saɓa. Yanko gajerun fitowa ka zuba a TikTok da Instagram. Ɗaya daga cikin hanyoyin samun kuɗin talla a YouTube ita ce ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Kafin a kunna kyamara, ku rubuta yarjejeniyar rabon kuɗi da abokan aikinka.