Ƙyalli a Bakin Ƙugiya

Duk mun san fatsa. Mukan haƙo tana, mu soka a ƙugiya, mu jefa cikin ruwa, mu zauna jira. Yau za mu karanta labarin wata irin fatsa wadda ba a sa mata tana.

A Ingila da Amurka akwai masu fatsa da ke yin koton ƙarya. Sukan ɗauki ƙugiya, su ɗaura mata gashin zakara da gashin dabba da zaren siliki. In an gama, sai ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Kifi ya gani, ya zaci abinci ne, ya kai cafka, sai ƙugiya ta kama shi.

Wannan dabara ta daɗe ƙwarai. Wajen shekara 1,800 da suka wuce, wani marubuci na Rum ya ba da labarin masunta a ƙasar Makidoniya. Ya ce suna naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashin zakara guda biyu. A shekarar 1496 kuma aka buga wani littafi a Ingila mai bayanin koton ƙarya iri 12.

To, ina amfanin ƙyalli? Mu tuna da kawara. In ta juya cikin ruwa, jikinta yakan yi wal kamar azurfa. Wannan walƙiya ce babban kifi ke hange, ya biyo ta. Saboda haka masu ɗaurin koto sukan sa zare mai ƙyalli, don koton ya yi wal kamar kifi mai rai.

A da, da siririn ƙarfe mai launin azurfa ko zinariya ake yi. Amma ƙarfe yakan dushe in ya sha ruwa. Yanzu an fi yin amfani da zaren leda mai ƙyalli. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, yana kuma kaɗawa in ruwa ya ja shi.

Ga inda gwaninta take. Ƙyalli kamar gishiri ne a miya. In babu, miya ta yi lami. In ya yi yawa, ba ta ciwuwa.

In ruwa ya yi laka, ko hadari ya rufe rana, kifi ba ya gani sosai. A nan akan ƙara ƙyalli don ya hangi koton daga nesa. In kuwa ruwa garau yake, rana kuma ta take, sili biyu ko uku sun isa. Ƙyalli mai yawa yakan firgita kifi, ya gudu. Mai fatsa ya yini a bakin ruwa, ya koma gida hannu wofi.

Mai wayo yakan ɗaura zaren da ɗan yawa, ya tafi da almakashi. In ya ga kifi na biyo koton yana juyawa, sai ya rage sili kaɗan, ya sake jefawa. Ragewa a bakin ruwa ba wuya, ƙarawa ce ba ta yiwuwa.

Kifi kuma hali-hali ne. Tsage na kogin Kwara da Binuwai mafarauci ne, da ido yake farauta, ƙyalli na jansa ƙwarai. Sai dai a sa ɗan waya kusa da ƙugiya, don haƙoransa na yanke zare. Tarwaɗa kuwa da gashin baki da sansana take neman abinci, tana ta fi mata.

Ashe kafin mu jefa ƙugiya, sai mu dubi ruwa, mu dubi rana, mu san kifin da muke nema.

Tambayoyi

1. Da me ake yin koton ƙarya?
2. Don me ake sa masa ƙyalli?
3. Yaushe ake rage ƙyalli?
4. Rubuta sunan kifi uku da ke cikin wannan darasi.