Ɗakin Girki: Yadda Za Ki Farfaɗo da Irin Kindirmo

Darasinmu na wannan fitowa a kan iri ne, wato ɗan ragowar kindirmon da ake zubawa a sabuwar madara don ta kama. Sau da yawa uwargida kan tafi biki ko wankan jego, ta dawo ta tarar da irinta ya yi tsami ƙwarai, ruwa ya taso sama. In ta haɗa da shi, madara ta ƙi kamawa, an yi asarar kuɗi, mai sana'a kuma ta rasa masu saye.

Ki sani iri abu ne mai rai. A cikinsa akwai ƙananan halittu masu amfani da ido ba ya gani. Su ke cin sukarin madara su mai da shi tsami, tsamin ya sa ta yi kauri. In an bar su kwanaki ba sabuwar madara, abincinsu ya ƙare, yawancinsu su mutu. Zafin Dutse na watan Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana hanzarta wannan, musamman in wuta ta ɗauke firji ya huce.

Da farko ki duba

In kin ga fumfuna, kore ko baƙi, ko launin ya koma ja-ja, ko yana warin ruɓa, zubar da shi. Kada ki kwashe saman ki ce ƙasan lafiya lau. Ki nemi sabon kindirmo mai kyau wurin Fulani masu kawo nono Kasuwar Shuwarin ko Kiyawa. Amma in tsami ne kawai ya yi yawa, akwai sauran rai.

Yadda ake yi

1. Ki tafasa madara kofi 1. Tafasawar nan dole ce, domin ɗanyar madarar shanu kan ɗauko cututtuka irin su tarin fuka. In ta gari ce, ki dama da tafasasshen ruwa.
2. Ki bari ta huce har ɗan yatsanki mai tsabta ya iya zama ciki ki ƙirga goma. In ta fi haka zafi za ta kashe irin.
3. Ki tsiyaye ruwan saman tsohon irin, ki ɗebi cokali 2 ki juya a madarar.
4. Ki rufe, kada ki motsa, awa 6 zuwa 8. Da hunturu ki naɗe da bargo ya kwana.
5. Daga wannan ki ɗebi cokali 2 ki sake haɗa wani kofin. Ki maimaita sau 3.

Na farko zai zo tsararo, kada ki ba yara. In na uku bai yi kauri da ƙanshi ba, irin ya mutu. Amma ki tuna, madarar saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan ma takan ƙi kamawa.

Ga masu kefir

Wasu 'yan uwa sun fara samun irin kefir, wanda asalinsa yankin duwatsun Kokasas ne, tsakanin Turai da Asiya. Shi gudaji-gudaji ne farare kamar dafaffiyar shinkafa, kuma ban da ƙwayoyin tsami yana ɗauke da yis. Ki sa cokali 1 a kofin madarar da ta huce sarai, ki tace ki canza masa madara kullum har kwana 3 zuwa 7, kina zubar da ta farko-farkon. Ba ya son zafi, ya fi jin daɗin digiri 20 zuwa 25, don haka ki ajiye shi gindin randa. Kada ki bar shi ya wuce yini da kwana, domin in ya daɗe yis ɗin na ƙara masa ɗan barasa.

A ƙarshe, in za ki yi tafiya, ki ba maƙwabciya irin ta riƙa sabunta shi, in kin dawo ta ɗibar miki. Allah Ya sa albarka a abin da muke ciyar da iyalanmu, amin.